Kujera a Bayan Amfilifaya

Zuwa ga Kawu mai gyaran rediyo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, haɗe da neman gafarar daɗewar da na yi ban gaishe ka ba. Yaya jiki, yaya aiki, yaya Goggo? Mu nan lafiya lau muke. Inna ma lafiya, sai ƙafar nan tata da ba ta rabuwa da ƙorafi. Ita ce ta ba ni adireshinka, ta ce kada in ɓata lokacina da waya, ba ka ɗauka, in ina son amsa in nemi biro da takarda.

Kada ka tsaya juya ambulan kana tambayar Goggo wace ce wannan. Zomo ce. Inna ta ce kakarta da kakarka ciki ɗaya suka fito, ni dai wannan lissafin ya fi ƙarfina, abin da na sani Kawu ne kai. Ni ce yarinyar da ta zo hutu gidanku ta tare a ƙarƙashin teburin aikinka, har ranar da na ce maka rediyon da ka gama gyarawa yana wani ɗan kuka a ciki, ka ƙaryata ni, ka buɗe ka tarar waya ta saki. Tun daga ranar ka laƙaba mini Zomo, wai don kaifin kunnena. Da za mu tafi ka ba ni tsohuwar jitar da wani ya bari a shagonka, da 'yar amfilifayar ƙara sautin jita da ka haɗa da kayan cikin mataccen rediyo. To Kawu, abin da ka shuka ya fito, har ya fi ƙarfin gida.

Da rana ina aiki a kantin magani, ina zuba ƙwayoyi a leda ina sauraron tarin mutane. Da yamma kuma mu huɗu ne a wani ɗaki bayan garejin motoci: ni da jita, da mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya, da mai ganguna, da mawaƙinmu da muke kira Maƙogwaro. Kiɗan metal muke yi, wato kiɗan ƙarfe a Turance, mai tsananin ƙara. Inna kiɗan maƙera take ce masa, wai in dai ƙarar duka ake so, a maƙera kyauta ake ji.

Ga dalilin wasiƙar. An ba mu babban ɗakin taro kafin shekara ta fita, karon farko da za mu hau dandamali na gaske. Amfilifayata kuwa sai ta zaɓi wannan lokacin ta mutu, ana tsakiyar gwaji ta yi hayaƙi. Na je kantin kayan kiɗa na dawo kaina a ɗaure. Uku ne a gabana. Akwai babba, mai ƙarfin wat ɗari, irin mai kwalaben nan da ke ja a ciki in ta yi zafi, a kan akwati mai lasifika huɗu, tsayinta har ƙirjina. Maƙogwaro ita yake so, wai metal sai an ga bango a bayan mai jita. Akwai ƙanwarta, wat hamsin, ita ma mai kwalabe, da akwati mai lasifika biyu. Sai kuma wata 'yar na'urar zamani da ba ta fi faranti ba, a ƙasa ake ajiye ta a taka da ƙafa. Ba ta da lasifika ko ɗaya, kai tsaye take zuba sauti cikin manyan lasifikokin ɗakin taro, ni kuma in ji kaina ta abin kunne. Ka sani kuma a can saman bene nake zaune, lif ɗinmu ya fi shekara yana hutu. Wacce zan ɗauka?

Abu na biyu, kuma shi ya fi mini na farkon: ina so ka zo. A dangi kaf ba wanda ya taɓa zuwa ya ji ni, ban kuma damu ba. Kai kaɗai nake so ka ji abin da jitar nan ta zama. An ce zumunta a ƙafa take.

A gaida Goggo. Ka huta lafiya.

Ni ce 'yarka,
Zomo


Zuwa ga Zomo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya, mun yi murna ƙwarai. Jiki da godiya, sai abin da ba a rasa ba na tsufa. Ki yi wa Innarki sannu da ƙafa, ki ce ta rage tsayuwa a kicin. Goggonki tana gaishe ki, ta ce ba ta manta da ke ba, kuma ba ta manta da marfin robarta da kika yanka kika mayar abin kaɗa tsirkiya ba.

Kin tambayi mai gyara, to ki yi haƙuri da surutunsa.

Kada ki yarda da kunnenki a cikin kanti. Mai kanti ya san aikinsa. Zai murɗa maɓallin ƙasa, na kaurin sauti, ya murɗa na sama, na siririn sauti, ya kwashe na tsakiya, ki daki tsirkiya ɗaya ki ji kamar hadari ya taso. Ke kaɗai a ɗaki, daɗi kamar me. Amma ranar da mai ganguna ya zauna, fayafayan ƙarfensa za su cinye samanki, mai bes ya cinye ƙasanki, mutane su ga hannunki yana motsi ba su jin komai. Jita a tsakiya take zaune, in kin kwashe tsakiya kin kwashe kanki. Don haka ki koma kantin da jitarki, ba ta mai kanti ba, ki ja mai gangunanku ya zo ko da ganga ɗaya ce da faifai ɗaya. In mai kanti ya ɓata rai, ya ɓata.

Sai maɓallin gen, wanda ke sa jita gurnani. Na san ku, har sai ya ƙure kuke barinsa. Gishiri ne wannan, in ya yi yawa miya ta ɓaci. Ki sa shi rabi, ki danne tsirkiya da gefen hannu ki yi duka masu sauri, sannan ki tsaya cak. Amfilifayar kirki tana tsayawa tare da ke. Ta banza sai ta ci gaba da huci da ƙugi bayan ke kin gama magana. A kiɗa irin naku shirun da ke tsakanin duka biyu ya fi dukan kansa tsoratarwa, ki saya wa kanki wadda ta iya shiru.

Maganar girma kuwa, wat ɗari ba ya ninka wat hamsin a kunne. A gadon baya yake ninka shi, ranar ɗauka. Ki ce wa Maƙogwaro in bango yake so a gani, ya sayi kabad ya shafa masa baƙin fenti, shi da ba shi zai hau bene da ita ba. Kuma ki lura da wannan: akwatin da ke ƙasa gwiwarki yake yi wa magana, gwiwa kuwa ba ta da kunne. Sai ki ga ba kya jin kanki, ki ƙara, mai ganguna ya ƙara, ki sake ƙarawa. Haka ake yi, shekara da shekaru, ba a sani ba.

Da a da ne, da na ce miki mai kwalabe ko ba komai, in ma zagi 'yar farantin nan. Yanzu kuwa ita nake ce miki ki ɗauka. An kawo mini irinta gyara, na ga cikinta, ba abin raini ba ce. Ba nauyi, ba zafi, kuma ke za ki riƙe ƙarar da ke shiga kanki.

A cikin ambulan za ki ga 'yar leda da abin toshe kunne. Ki riƙa sawa, har a wurin gwaji. Ban ce in kin ga dama ba.

Zancen zuwa kuma, ki bar shi. Irin wannan wurin ba nawa ba ne. Zuwana ba zai amfane ni ba, ba zai amfane ki ba.

Allah ya yi albarka.

Kawunki


Zuwa ga Zomo,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Goggonki ta yi mura ta warke.

Shiru ya yi yawa. Duk mai babur ɗin da ya tsaya a ƙofar shago sai na leƙa ko mai kawo wasiƙa ne, har maƙwabcina tela ya fara yi mini dariya, wai ko tsoho ya yi budurwa. Wasiƙata ta iso kuwa? Kin je kantin? In aiki ne ya yi yawa, layi biyu ma sun isa. In kuma wani abu na faɗa, ki faɗa mini, ruwa ba ya tsami banza.

Kawunki


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Wasiƙunka duka biyu sun iso. A yi wa Goggo sannu da mura. Inna lafiya, ni ma lafiya.

Na je kantin kamar yadda ka ce. Mai gangunanmu ya shigo da ganga a hammata da faifai a ka, mai kanti ya dube mu kamar mun zo kwasar kaya. Komai da ka faɗa haka ya faru, har abin ya ba ni haushi. Babbar nan da ta burge ni ranar farko, mai ganguna yana fara duka na neme ta na rasa. Sai da na ɗaga tsakiya na rage gen ta dawo, kuma kafin ta yi daɗi sai an buɗe ta har gilashin kanti ya fara kaɗawa. Ta hamsin ɗin ta fi ta biyayya, in na tsaya ta tsaya. Ita kuma 'yar farantin, gaskiya ɗaya ce, ba ta da laifi. Da na rufe ido ban iya rantsewa wacce ce wacce ba. Mai haɗa sauti na ɗakin taron ma da na kira shi, ita ya zaɓa tun kafin in rufe baki, ya ce ba ya son kowa ya cika masa dandamali da ƙara. To ita zan ɗauka. Ka yi gaskiya, na gode.

Ka ce in faɗa maka in wani abu ka faɗa. To zan faɗa, ka yafe mini in na yi rashin kunya.

Raina ya ɓaci, Kawu. Na saba da irin wannan magana daga kowa. Wata 'yar uwar Inna ta taɓa tambayata ko aljanu ne da ni. Maigidan kantinmu in ya ga jaka a bayana sai ya ce yau ma za a je fasa kwanoni. Duk ba su taɓa hana ni barci ba, don ban taɓa kai musu kaina ba. Kai ne na kai wa. Sai ga shi ka ce wurin ba naka ba ne, zuwanka ba shi da amfani, ka kuma haɗa mini da abin toshe kunne, kamar kana cewa abin da nake kaɗawa ko ni bai kamata in ji ba. Da ka fito fili ka ce kiɗan hauka nake yi, da ya fi mini sauƙi.

Ledar tana nan cikin durowa ban buɗe ba. Na zauna zan rubuto maka ba sau ɗaya ba, in fara gaisuwa in yaga takardar. Tunda kai ka fara ba ni jita, na ɗauka ko ba ka so za ka zo ka zauna a baya, ka ji waƙa ɗaya, ka ce Zomo ba ki iya ba. Ko wannan ma da na karɓa hannu biyu.

Ka huta lafiya.

Zomo


Zuwa ga Zomo,

Wa alaikumus salam. Mun samu wasiƙarki, muna lafiya. Goggonki ta karanta ta ajiye, ta ce da ni, ka gani ko, ga abin da zurfin cikinka ya jawo. Ashe gaskiya ne da ake cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Amma ban ga laifinki ba, ni na yi magana rabi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zomo, kunnena ya tafi. Na hagu gaba ɗaya, na dama kuma ɗan abin da ya rage bai wuce in an buga ƙofa da ƙarfi in waiwaya ba. Abin da ya sa ba na ɗaukar waya ke nan. Innarki ba ta sani ba, ni na roƙi Goggonki kada a yayata, ba na son a riƙa zuwa ana yi mini ihu a fuska da sunan gaisuwa. Ba ciwo na yi ba. Shekaru ne na tsayuwa gaban lasifika a wuraren taro, ina kara kunne ina neman inda take ɓaci. Ya fara da wani ɗan kuka siriri in na dawo gida, irin wanda kika taɓa ji a rediyon nan. In na kwana sai ya tafi. Wata rana na kwana bai tafi ba. Shi ya sa na turo miki ledar. Ba kiɗanki na raina ba, kunnen nan naki da ya sa na yi miki suna nake ji wa tsoro.

Za ki ce to yaya nake aiki. Da tafin hannu. In an kawo mini amfilifaya sai in jona ta, in ɗora hannu a bayan akwatin. Hannu yana jin abubuwa da yawa in an ba shi dama. Wadda ta lalace rawa take yi gaba ɗaya kamar rariya a hannun mai tankaɗe, ba ki san farkon duka ba, ba ki san ƙarshensa ba. Mai lafiya kuwa ƙwanƙwasa take yi ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ya san gidan. Abin da hannu ba ya kamawa shi ne sama, siririyar muryar nan. Wannan Goggonki nake kira daga cikin gida, ta tsaya da ludayi a hannu, ta ɗaga yatsa sama ko ƙasa. Haka muke ci, har yau ba wanda ya dawo mana da aiki.

Amma ɗakin taro ba shagona ba ne. Lasifikokinsu a can sama ake rataye su, ba inda zan ɗora hannu. Zan zauna cikin mutane, kowa yana kaɗa kai, ni ina kallon 'yata tana motsa hannu kamar talabijin da aka kashe wa murya. In an tashi ki zo ki tambaye ni yaya, in yi miki ƙarya. Wannan ne ba zan iya ba. Ina son in ji ki fiye da yadda kike son in ji ki, wallahi. Tun da wasiƙarki ta farko ta zo abin yake cina.

To kin ji. Ki buɗe ledar, ki sayi 'yar farantinki, ki yi wasanki lafiya. In an ɗauki hoto ki turo, Goggonki za ta sa a bango.

Kawunki


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, da fatan kai da Goggo kuna lafiya. Mu nan lafiya. Ban faɗa wa Inna komai ba, kai za ka faɗa mata ranar da ka ga dama.

Ka yafe mini. A bayan kanta na karanta wasiƙarka, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciwon haƙori, sai da na shiga ɗakin ajiya na yi kukana na wanke fuska. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Ledar na buɗe ta a ranar. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, ɗan kukan nan siriri ni ma na san shi, yakan raka ni gida bayan gwaji. Har yanzu in na kwana yana tafiya. Yanzu ba na taɓa jita sai kunnena a toshe, na kuma tilasta wa sauran ukun, Maƙogwaro yana ta mita.

Na sake komawa kantin, wannan karon da mai bes. Mai kanti da ya hango ni sai da ya dafe kai. Na toshe kunne, na ɗora abin rufe kunne na masu aikin inji a kai, na miƙa wa mai bes jitata na ce ya yi ta duka yana tsayawa. Ni kuma na zagaya baya na durƙusa na ɗora hannu. Babbar tana girgiza mutum har haƙora, amma a ƙarar da za a yarda mu buɗe ta ban iya raba dukan ba, ko hannuna ne bai ƙware ba. Ta hamsin ɗin kuwa, Kawu, baƙon nan naka ne. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, sai shiru. Da na zo kan 'yar farantin na tsaya da hannu a sama, ba inda zan sa shi.

Ta hamsin na saya.

Mai haɗa sauti ya yi ta faɗa a waya. Na bar shi ya gama, sannan na ce to ya faɗi sharaɗinsa. Ya ce in dai sai na kawo akwati, to ba a bayana zai zauna ba. A gefen dandamali za a ajiye shi, fuskarsa ga labule, ya sa masa makirufo a gaba, kada ƙarar ta dami kowa. Na je na duba wurin da idona. Tsakanin bayan akwatin da bango akwai fili daidai kujera ɗaya, biyu ma in an matsa. Mutane ba sa ganin wanda ke zaune a nan, shi kuwa yana ganina sarai.

Maganar bene kada ta dame ka, a ɗakin gwaji za ta riƙa kwana. Kada kuma ka rubuto kana faɗa, bakin alƙalami ya bushe, mai kanti ya ce ko da kuɗi ba ya son sake ganina. Ranar wasan da adireshin wurin suna bayan takardar nan, da la'asar za mu hau. A cikin ambulan akwai abin toshe kunne guda biyu daga ledarka. Ɗan abin da ya rage a na dama, a adana shi. Ban ce in ka ga dama ba.

'Yarka,
Zomo


Zuwa ga Zomo,

Sallama. Muna lafiya. Taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba, na san kakar da kika gado. An ce miki ga mai sauƙi, kin je kin ɗauko wa kanki kaya saboda tsohon da ko tsawa ba ya ji. Ba a sayen kayan aiki don a faranta wa dangi. Amma dai ba ki yi zaɓen tumun dare ba, ta hamsin ɗin za ta yi miki shekaru in kina barinta ta huce kafin ki ɗaga ta. Zuwa kuma ban ce zan zo ba. Tafiyar da nisa, ga aikin mutane a shago.

Kawunki

Zomo, Goggonki ce. Kada ki kula shi. Tun jiya ya kai wa mai guga rigarsa.


Zuwa ga Zomo,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya, sai gajiyar mota. Goggonki ta kwanta da ciwon kai, ta ce in gaya miki ba ta yi nadama ba amma ba za ta ƙara ba. Ki gaida Innarki, ki ce mata wasiƙarta tana tafe, akwai maganar da zan yi da ita. Ki gaida abokan aikinki, har da Maƙogwaro. Yaro mai ladabi, ban san inda yake ajiye ladabin in ya riƙe makirufo ba, jijiyoyin wuyansa kawai na gani na tausaya masa.

Da kika sauko kika durƙusa gabana kina haki, na ga bakinki yana cewa yaya. Kai kawai na gyaɗa miki. Kada ki ɗauka ƙaryar nan ce da na ce ba zan iya ba. Mutumin da ba ya jin muryarsa ba ya son ta fito a karye gaban yara. Ga amsar a rubuce.

Kujerar roba ce, ƙafarta ɗaya gajera, sai da na naɗe kwali na sa mata. Labulen yana warin ƙura. Amma da kika kunna amfilifayar, kwalaben suka yi ja ta cikin ragar baya, ƙamshin zafinsu ya taso, sai na ji kamar a shagona nake. Na cire takalmin dama na taka katakon dandamali, na ɗora hannu a bayan akwatin, na jira.

Dukanki na farko har gwiwar hannu ya zo mini. Zomo, na daɗe ban ji kiɗa ba, gyara kawai nake ji. Na manta cewa duka yana iya yin fushi, ya lallaɓa, ya yi tambaya ya ba kansa amsa. A waƙa ta biyu, wurin da kika saki tsirkiya ta yi ta gurnani ita kaɗai, katakon akwatin ya yi ta rawa a hankali a tafin hannuna kamar kyanwa ta kwanta a kai. Nan ne Goggonki ta miƙo mini hankici, ni ban ma san ina bukata ba. Wurin da kika hau sama da yatsu kuwa ba zan ɓoye miki ba, hannuna bai samu komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Na dubi Goggonki, ta yamutse fuska, amma ta ɗaga yatsa sama.

Gen ɗin ya yi daidai, kada ki ƙara. Shirunki ma mai kyau ne, in kin tsaya, sai akwatin ya mutu a hannuna.

Saura abu ɗaya, kuma ke kika ce za ki karɓa hannu biyu. A waƙa ta uku, wurin da kuke tsayawa gaba ɗaya ku sake shiga, kina gaggawa. Mai ganguna ta tafin ƙafa yake zuwa mini, ke ta tafin hannu, kuma hannun ya riga ƙafar. Ba sau ɗaya ba, don na farkon na yi miki uzuri. Mutanen da ke ihu a gaba ba su lura ba, amma ni ba ihu na je yi ba.

Ki gyara wannan kafin wasa na gaba. Ki kuma ce kada su jefar da kwalin nan na ƙafar kujera, zan zo in zauna, kuma zan ji.

Kawunki